Yadda ake binciken birus a tsofaffin wasiƙun imel ba tare da an yi asarar akwatin ba

Wata Litinin cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke sa kwamfuta ta kashe kanta, wani Alhaji mai fataucin atamfa da shadda ya shigo shagona a Yelwa, yaronsa na biye da shi rungume da kwamfutar ofis a naɗe cikin zani. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, wasiƙuna sun tafi. Na shekara tara." Na ce, "Ranka ya daɗe, zauna tukuna a kawo ruwa. Me aka taɓa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bincike ya sa antibirus ya yi a daren Asabar, ya ga an rubuta an sami cuta, ya danna inda aka ce a gyara. Da safe suka buɗe Thunderbird, manhajar da suke karanta imel da ita, akwatin shigowa fayau. Faktirorin, wato takardun kuɗin kaya, na dillalansa na Duwala, takardun kayan da ke biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, lissafin abokan cinikinsa na Kuseri da Njamena, duk babu.

Yaron bai yi ganganci ba, abin da kowa zai yi ne ya yi. Irin wannan aikin ya zo hannuna sau da yawa, kuma kusan kullum sanadin ɗaya ne: mutane ba su san yadda wasiƙa ke kwance a cikin kwamfuta ba.

Kai kana ganin wasiƙu dubu biyar jere a allo, kowace da ranarta da sunan mai aiko ta. A cikin faifan kwamfuta ba haka suke ba. Thunderbird yana ɗinke su ne baki da baki cikin fayil guda mai suna Inbox, wannan na ƙarewa waccan na farawa, kamar bandir ɗin yadi da ba a yanka ba. Sunan wannan tsari mbox, kuma tsoho ne tun zamanin Unix. Wasiƙun da ka aika suna cikin wani fayil mai suna Sent, na shara suna cikin Trash. Kusa da kowanne akwai ƙaramin fayil mai ƙarewa da .msf, shi jerin sunaye ne kawai, ko ya ɓace Thunderbird zai sake gina shi. Outlook ya ma fi haka haɗewa: wasiƙu da adireshin mutane da kalanda duk cikin fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .pst. To antibirus da fayil yake aiki. Idan ya ga cuta a wasiƙa ɗaya, a wurinsa fayil ɗin ne ke da cuta, sai ya killace shi ko ya goge shi gaba ɗaya, tamkar a kama mota cike da kaya saboda kwali guda. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan.

Abu na biyu da nake so ya zauna maka shi ne, birus ɗin da ke kwance cikin tsohuwar wasiƙa ba ya motsi. Duk abin da aka maƙala wa imel, hoto ne ko takarda ko shirin kwamfuta, sai an mayar da shi jerin haruffa da lambobi kafin ya bi hanya, ta tsarin da ake kira base64, kuma a haka yake zaune cikin akwatinka. Haruffa ba sa tashi su yi ɓarna sai wani ya buɗe maƙalen. Ko ILOVEYOU, wanda ya taso daga Filifin a watan Mayu na 2000 ya game duniya cikin kwanaki, sai da mutane suka danna shi da hannunsu. Saboda haka babu gaggawar da za ta sa ka danna "goge" cikin dare. Wasiƙar da ta yi shekara uku a kwance za ta iya jiran gobe.

Ka fara da sanin inda asalin wasiƙunka suke. Idan ta burauza kake shiga Gmail ko Yahoo, wasiƙun suna can wurin kamfanin, antibirus ɗin kwamfutarka ba ya iya taɓa su. Idan kana da Thunderbird ko Outlook, ka duba saitin asusun ka ga ko IMAP ne ko POP. Mai IMAP da sauƙi, don abin da ke kwamfutarsa kwafi ne, asalin yana kan saba, wato kwamfutar kamfanin imel, in ya lalace a sake saukewa, sai dai asarar data. Mai POP shi ne a bakin rami, domin sau da yawa wasiƙa na sauka ake share ta daga saba, kwafin kwamfutarsa shi kaɗai ya rage a duniya. Alhaji POP gare shi, wanda aka saita masa tun lokacin da intanet ke da tsada. Amma ko mai IMAP ya tuna da abin da ya kwashe zuwa Dossiers locaux, wato dosiyoyin gida na Thunderbird, wannan ma a kwamfutar kaɗai yake.

Sai kwafi. Ba na barin antibirus ya leƙa akwatin kowa sai na yi wannan. A Thunderbird ka shiga Aide, ka zaɓi Informations de dépannage, ka nemi layin Dossier de profil ka danna a buɗe. Sunayen Faransanci nake ba ka don yawancin kwamfutocinmu a nan haka suke. Dosiyen da zai buɗe yana ƙarƙashin AppData\Roaming\Thunderbird\Profiles, cikinsa akwai Mail na POP da na gida, da ImapMail. Yanzu ka rufe Thunderbird ɗin gaba ɗaya, sannan ka kwafe dosiyen dungurungum zuwa kile, wato abin da 'yan'uwanmu na Yola da Mubi ke ce wa filash, ko zuwa faifan waje. Mai Outlook ya duba Documents, cikin Fichiers Outlook, nan .pst ke zama a sababbin fitowa, tsofaffi kuwa suna ajiye shi a AppData\Local\Microsoft\Outlook. Shi ma sai an rufe Outlook, in ba haka ba kwafin zai ƙi ko ya fito gurgu.

A nan akwai tarko biyu. Yawancin kilen da ake sayarwa a kasuwa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Za ka ga kile mai giga 32 babu komai a ciki amma yana ce maka fayil ya yi girma. Ka sake tsara shi zuwa exFAT ko NTFS kafin ka fara, bayan ka kwashe abin da ke ciki. Na biyu, akwai kilen jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi kaya su lalata a ɓoye. Don haka bayan kwafi ka gwada girman dosiyen biyu har zuwa adadin bayit, ka kuma gwada buɗe wani abu daga ciki. Ni kwafi biyu nake yi. Ɗaya na zare shi na sa a durowa, ba zai sake ganin kwamfuta ba sai in wani abu ya ɓaci. Ɗayan kuma da shi nake aiki.

Wani lokaci antibirus yakan cafke fayil ɗin tun ana cikin kwafin, domin yana bin duk abin da aka taɓa. Maganin wannan shi ne a keɓe masa dosiyen wasiƙu. A Windows 10 da 11 ka buɗe Sécurité Windows, sai Protection contre les virus et menaces, sai Gérer les paramètres, ka gangara zuwa Exclusions ka ƙara dosiyen Mail da ImapMail, da wurin da kake kai kwafin. Kowane antibirus na da irin wannan wurin. Mutane sukan ji tsoro in na faɗi haka, suna ganin an buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ba a buɗe ba. Duk ranar da ka danna maƙale, sai Thunderbird ya fitar da shi ya rubuta shi a wani dosiye na wucin gadi kafin ya buɗe, kuma can antibirus na tsaye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a keɓe faifan C gaba ɗaya ko dosiyen Téléchargements, ko a kashe antibirus a manta. Na sha ganin hakan, kuma garin neman gira ne ake rasa ido.

Yanzu aikin da kansa: a yanka bandir ɗin ƙyalle-ƙyalle. Ka buɗe sabon dosiye, misali D:\bincike. A Thunderbird ka danna F8 don rufe tagar da ke nuna cikin wasiƙa, ka zaɓi wasiƙun, ka ja su da linzami ka saka a dosiyen. Kowace za ta zama fayil nata mai ƙarewa da .eml, ɗauke da taken wasiƙar. In sun yi yawa, akwai ƙarin manhaja ta kyauta mai suna ImportExportTools NG da ke fitar da dosiye guda a lokaci ɗaya. Na fi son in bi shekara-shekara, kowace da dosiyenta, don tsohuwar kwamfuta takan sanƙare in an ɗora mata dubbai a tashi ɗaya. A Outlook ma haka ake ja, sai dai fayilolin .msg za su fito. Wannan dosiyen na bincike kada ka keɓe shi. Nan ne muke so antibirus ya yi aikinsa, don duk abin da ya kama a nan wasiƙa ɗaya ce, kuma kwafi ce. Ka danna dama a kan dosiyen ka sa ya bincika, sannan ka ɗauki biro da takarda ka rubuta sunan duk fayil ɗin da ya kama.

Ina ƙarawa da ido na biyu, ClamAV. Kyauta ne, wani ɗan Folan mai suna Tomasz Kojm ya fara shi a farkon shekarun 2000, yanzu kuma yana hannun kamfanin Cisco. Abin da ya sa nake ƙaunarsa a wannan aikin, ya san tsarin wasiƙa, kuma ba ya taɓa komai sai an umarce shi, faɗa kawai yake yi. Bayan ka saka shi, ka sabunta jerin cututtukansa da freshclam, ƙaramin shirin da ke zuwa tare da shi. A Windows sai ka kwafo fayil ɗin saiti daga dosiyen misalai ka cire layin da aka rubuta Example kafin ya yarda ya tashi, kuma saukewar farko tana cin data, gara ka yi ta da dare. Sannan ka rubuta a tagar umarni:

clamscan -r -i --log=rahoto.txt D:\bincike

Harafin r na nufin ya shiga kowane lungu, i kuma ya nuna masu cuta kaɗai. Za ka ga wasu na cewa a ƙara --remove. Kada ka kuskura ka yi haka a kan akwatin gaske, don zai goge Inbox ɗin baki ɗaya, ba tambaya. Akwai kuma wani abu da ya sa yanka wasiƙun ya zama dole: ClamAV na da iyakar girman fayil da yake bincika, mega 100 a sababbin fitowa, 25 a tsofaffi. Abin da ya wuce haka tsallake shi yake yi. Mutum zai nuna masa Inbox mai giga 3, ya ga an ce ba a sami komai ba, ya tafi da farin ciki alhali ko buɗe shi ba a yi ba. In kana shakkar ko bincikenka na aiki, akwai fayil ɗin gwaji na EICAR, haruffa 68 ne marasa cutarwa da masu antibirus suka yarda su riƙa kamawa kamar cuta. Ka sa shi a dosiyen ka gani ko za a kama.

Da jerin sunayen a hannunka, ka koma cikin Thunderbird ka nemo wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Kada ka buɗe maƙalen don ka tabbatar. In kana son ganin wanda ya aiko da gaske, Ctrl da U zai nuna maka ɗanyen rubutun wasiƙar ba tare da ya kunna komai ba. Wasiƙar banza ce, ka riƙe Shift ka danna Suppr, ta wuce ba ta biya ta shara ba. In kuwa rubutun na da amfani, akwai hanyar cire maƙalen kaɗai a bar wasiƙar: ka danna dama a kansa ka zaɓi Supprimer.

Wani lokaci abin da aka kama takarda ce da ka san ta, kana zaton ƙarya antibirus ya yi mata, kuma hakan na faruwa. Mutane sukan ɗora irinta a VirusTotal, wanda ke gwada fayil da antibirus masu yawa a lokaci ɗaya. Shafi ne mai kyau, amma abin da ka ɗora ana ajiye shi, masu bincike na iya samunsa. Faktir mai lambar asusun banki ko hoton fasfo bai kamata ya je can ba. Ka fitar da hatiminsa kawai, wato doguwar lambar da ke bambanta shi da sauran fayiloli, ta hanyar rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin a PowerShell, tagar umarni ta Windows, ka liƙa lambar a wurin nema. In cuta ce sananniya za ta fito. Sannan duk zip ɗin da aka kulle da kalmar sirri, aka kuma rubuto maka kalmar a jikin wasiƙar, ka ɗauke shi a matsayin mugun abu ko antibirus bai ce komai ba, don kulle shi aka yi saboda kada a leƙa ciki.

Ga inda mutane da yawa ke tsayawa su rikice. Ka goge wasiƙar, ka zubar da shara, ka sake bincike, antibirus ya ce har yanzu Inbox na da cuta. Dalili kuwa, a tsarin mbox gogewa alama ce kawai ake sa wa wasiƙa cewa kada a nuna ta, amma jikinta na nan cikin fayil. Ba ta fita sai an matse dosiyen. Ka danna dama a kan akwatin ka zaɓi Compacter, ka yi wa Corbeille da Indésirables, wato shara da akwatin wasiƙun banza, haka su ma. A Outlook sunansa Compresser, yana cikin saitin Fichiers de données. Wannan ne ma ke bayyana wani abin mamaki: za ka fitar da wasiƙu duka a bincika a ga lafiya lau, amma babban fayil na ta ƙara. Mai laifin wasiƙa ce da aka goge tun bara ba a matse ba.

Matsewa sake rubuta fayil ɗin ne daga farko, don haka tana son fili a faifai kwatankwacin girmansa, tana kuma son wuta kada ta yanke. Mu da muka san yadda wuta ke yi mana a watannin zafi, ba na yin wannan a kwamfutar tebur sai da batirin ajiya a haɗe, laftof kuma sai cajinta ya cika. In ka ga wani dosiye mai suna nstmp ya bayyana, alamar matsewar ta katse ce, kada ka goge shi sai ka ƙirga wasiƙunka.

Na Alhaji kuwa, Allah ya taimaka antibirus ɗin killacewa ya yi, bai goge ba. In haka ta same ka, ka bar kwamfutar yadda take, kada ka matse komai, kada ka danna wani "tsaftace", kuma kada ka yi jinkiri don ma'ajiyar killacewa ba ta riƙe abu har abada. A Windows wurin dubawa shi ne Historique de protection. Amma akwai tsari. Thunderbird ya riga ya buɗe sabon Inbox, kuma sababbin wasiƙu sun fara sauka a ciki. In ka mayar da tsohon kai tsaye, ɗaya zai danne ɗaya. Abin da na yi, na rufe Thunderbird, na kwafe sabon Inbox gefe, na sa keɓewar da na faɗa a sama don kada a sake cafkewa, sannan na dawo da tsohon. Na sauya masa suna zuwa TsohonAkwati na saka shi cikin Mail\Local Folders, na mayar da sabon mazauninsa. Da na buɗe Thunderbird sai ga shi a jerin dosiyoyi, ya ɗauki kusan minti ashirin yana gina jerin sunaye. In ka ga wasiƙu sun fito a hargitse, ka shiga Propriétés na dosiyen ka danna Réparer le dossier. Mai Outlook da .pst ɗinsa ya ji rauni yana da scanpst.exe, amma ya sani gyaran tsarin fayil yake yi, ba ya neman birus.

Wasiƙu huɗu muka samu masu cuta. Uku tarkace ne da ba wanda ya kula su. Ta huɗun ta zo da sunan wani dillalinsa na gaske, a matsayin amsar wata tsohuwar maganarsu, da takardar Word da ke cewa a kunna macro, wato ƙaramin shirin da ke ɓoye cikin takarda, kafin a ga faktir. Salon da birus ɗin Emotet ya yi suna da shi ke nan kafin jami'an tsaron ƙasashe da dama su rushe cibiyoyinsa a Janairun 2021, kuma wasu sun ci gaba da kwaikwayonsa. Na tambayi yaron a hankali, "Ƙanena, ka taɓa buɗe wannan?" Ya ce ya buɗe amma bai danna maɓallin rawaya mai kunna macro ba, don bai gane abin da ake nufi ba. Duk da haka na yi wa kwamfutar cikakken bincike, na sa Alhaji ya sauya kalmar sirrin imel ɗinsa daga wayarsa, muka kuma duba ko an dasa wata doka da ke tura kwafin wasiƙunsa wani adireshi a ɓoye. Wannan dubawar tana da muhimmanci ga ɗan kasuwa, don ta nan ake bi a aiko masa da lambar asusun banki ta ƙarya da sunan dillalinsa. Na ce masa, "Alhaji, duk ranar da aka ce an sauya asusu, ɗaga waya ka ji muryarsa kafin ko dala ta fita."

Kafin su tafi na gyara abu uku. A Paramètres, ƙarƙashin Vie privée et sécurité, akwai wurin Antivirus mai akwatin da ke ba antibirus damar killace wasiƙu masu shigowa ɗaya-ɗaya. Na kunna shi, ta yadda kowace sabuwar wasiƙar POP za ta tsaya ita kaɗai a bincika ta kafin a ɗinke ta cikin Inbox. Na raba tsofaffin wasiƙun shekara-shekara, kowace da fayil nata, don ko wani abu ya sami ɗaya sauran su tsira. Akwai wani tsari mai suna maildir da ke ajiye kowace wasiƙa a fayil nata tun asali, Thunderbird na da shi, amma ban sauya wa Alhaji ba, don ba na gwaji da akwatin da mutum ke cin abinci da shi. Na uku, na sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, saboda abin da ya ce shi facture.pdf ne a gan shi in ashe facture.pdf.exe ne.

Kilen da ke durowa na miƙa wa Alhaji a hannunsa na ce ya kai gida, kada ya kwana a ofis tare da kwamfutar. Yaron kuma na rubuta masa hanyar dosiyen a bayan wani rasit, muka yi da shi cewa kowace Juma'a kafin a tafi masallaci zai rufe Thunderbird ya yi sabon kwafi a kile na biyu.